Neman shawara: na'urorin nan masu iyo a cikin jini, an fara yi wa mutane aiki da su?

Maman Hafsa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyarmu ce jini ya daskare mata a jijiyar ƙafa, ƙafar ta kumbura har takalmi ba ya shiga. Likita ya ɗora ta kan maganin tsinka jini, tana sha tana ƙorafi. Jiya ƙanena ya nuna min bidiyon wasu 'yan mitsi-mitsin na'urori da ke iyo a cikin jini suna kai magani daidai inda ciwo yake. Ya dage mu dakatar da ƙwayar mu nemi inda ake yin wannan. Hankalina bai kwanta ba. Yaya ma suke tafiya? Ku ba ni shawara don Allah.

Injiniya Sani: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Mama lafiya. Akwai su, amma a ɗakunan bincike. Abin da girmansa bai wuce na jar ƙwayar jini ba, maikromita 7 zuwa 8 (maikromita dubu ne ke yin milimita ɗaya), jini a wurinsa kamar zuma mai kauri ne. In ya tura gaba ya dawo baya irin iyonmu, a nan inda yake zai tsaya. Wani masanin kimiyya, Edward Purcell, ya wallafa bayanin haka a 1977. Shi ya sa masana a jami'ar ETH ta birnin Zurik a ƙasar Switzerland suka kwaikwayi wutsiyar bakteriya, suka ƙera tasu a murɗe kamar sukuru. Babu batir a jikinta. Daga waje ake juya maganaɗisu, ita ma ta juya tana kutsawa gaba. Na cibiyar Max Planck ta Jamus kuwa, a 2020, mirgine suke yi a bangon jijiya, inda gudun jini ya fi sanyi, yadda fararen ƙwayoyin jini ke yi.

Nas Bilki: Yaya, ina roƙonki kada ku tsayar da maganin nan ko na kwana ɗaya. Gwajin na'urorin a jikin dabbobi yake tukuna, irin su aladu da tumaki. Gudan jinin ƙafa in ya ɓalle huhu yake nufa, kuma yana kisa. In numfashinta ya soma sarƙewa ko ƙirji ya kama ciwo, asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Wane irin ƙorafi take yi?

Maman Hafsa: Dasashinta ne ke jini duk ta goge baki, sai ta nuna min burushin ya yi ja. Na tura wa ƙanena bayaninku. Gobe da sassafe zan mayar da ita wurin likitan.

Nas Bilki: Ki tafi da kwalin maganin, da duk wani abin da take sha bayan shi, har na ciwon kai.