Likita ta waya zai iya gane yaron da ya kasa natsuwa?

Malama: Salamu alaikum iyaye. Maganar da muka bari a taron makaranta a unguwar Aboabo ta Kumasi ce na dawo da ita. An kawo shawarar a riƙa haɗa yaran da suka kasa natsuwa a aji da likita ta bidiyo, daga nan makaranta. Ni ina goyon baya, Alhaji ya ce sam.

Alhaji: Wa alaikumus salam. Ina nan kan bakana, Malama. Likita bai taɓa jikin yaro ba, ya kalle shi a waya ya ce cuta ce? Ƙiriniya ce. Mu ma mun yi, bulala ta gyara mu.

Malama: Alhaji, hukumar ilimi ta Ghana ta hana bulala tun 2017. Kuma akwai yaro a ajina mai kaifin ƙwaƙwalwa, an dake shi a gida har an gaji, yau ma bai ƙarasa layi uku ba. Wallahi yana ba ni tausayi.

Nas: Baba Alhaji, a yi min afuwa in sa baki. Larurar nan ta rashin natsuwa da kasa mai da hankali, da ake kira ADHD, ba a gane ta da gwajin jini ko hoton kai. Likita tambaya yake yi. Alamun sun fara kafin shekara 12? Sun kai wata 6? Ana ganinsu a wuri biyu, kamar gida da makaranta, har suna ɓata masa karatu? Uwa ta cike takarda, malami ya cike tasa. Ko babban asibitin Komfo Anokye kuka je, wannan bayanin za a nema, kuma malamin da ke wuni da yaron ba ya bin ku can. A duniya wajen yara 5 cikin 100 ke da ita.

Hajiya: 'Yata, ni damuwata daban. Zango ba a ɓoye magana. A kira yaro daga aji zuwa ɗakin likitan ƙwaƙwalwa, kafin la'asar an sa masa suna mahaukaci. In mace ce, har ranar aurenta ana tuna wa mutane.

Malamin allo: Ni ma ina da ja. Na taɓa riƙe wani almajiri da rashin ji shekara guda, ashe kunne ɗaya ne ba ya ji. Wasu kuma yunwa ce da rashin barci.

Nas: Gaskiyarka, Malam. Kunne, ido, ƙarancin jini, har wata farfaɗiya da ke sa yaro ya yi zuru na 'yan daƙiƙu, duk sai an duba. Maganin ADHD irin su Ritalin yana rage cin abinci, yana iya hana barci, don haka ana auna nauyi da bugun zuciya. Ƙasa da shekara 6 ma horar da iyaye ake fara yi kafin magani.

Alhaji: Ashe dai sai an taɓa yaron.

Nas: Sai an taɓa, Baba. Amma nas za ta iya yin wannan a makaranta. Bibiyar da ke bayansa ce bidiyo zai sauƙaƙa, uwa ba ta rufe teburinta a kasuwar Kejetia wuni guda.

Hajiya: To, ni sharaɗina ɗaya. Bayan an tashi makaranta, a ɗaki mai ƙofa, uwa tana zaune. Malama, akwai irin wannan ɗakin?

Malama: Sai ofishin hedimasta, Hajiya. Gobe zan tambaye shi.