Shinkafar rani: barin fangali ya tsane kafin a sake ban ruwa, me kuka gani?

Malamin gona, Kura: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tsadar fetur ta sa masu injin ban ruwa da yawa suna tambaya kan dabarar nan ta cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin. A samu bututun roba mai tsawon santimita 30, faɗin baki 10 zuwa 15, a huhhuda rabinsa na ƙasa ta ko'ina. A kafa shi a fangali har rabin nan ya nutse, a sa hannu a kwashe taɓon ciki. Ba a ƙara ruwa sai wanda ke cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, sannan a cika fangalin, ruwa ya hau santimita 5 sama. Bincikensu ya nuna ruwan da ake kashewa kan ragu har kashi 30 cikin 100, amfanin gona bai ragu ba. Waɗanda suka gwada, ku faɗa mana inda take ba da matsala.

Manomin Kadawa: Wa alaikumus salam Malam. Tana aiki, amma gyaran fili ne gaba da komai. Fangalin da ba a baje shi daidai ba, in bututun ya faɗa kwari zai nuna maka ruwa alhali tudun ya bushe, ganye ya fara naɗewa. A kafa shi inda ba tudu ba kwari, kusa da kunya don a iya leƙawa ba tare da an tattaka shuka ba. Kuma kada a fara da wuri. A bar ruwa kwance mako 2 bayan dashe, in ciyawa ta yi yawa a kai mako 3, domin ruwan ne ke danne ta.

Mai noman irin shinkafa FARO 44, Bunkure: Abin da ya fi jawo asara shi ne busarwa lokacin fure. Daga mako 1 kafin shinkafa ta fitar da kai zuwa mako 1 bayan fure, ruwa ya zauna santimita 5, babu wasa. Shinkafar rani takan yi fure cikin zafin Maris da Afrilu. In ƙishi ya haɗu da zafin da ya haura digiri 35, za ka ga zangarniya tsaye ƙyam ba ta sunkuya ba, ka murza ƙwayar a tafin hannu ka ji fanko. Bayan ƙwaya ta fara nauyi sai a koma bin bututu.

Malamin gona, Kura: Haka ne Alhaji. Batun taki fa?

Mai FARO 44, Bunkure: Yuriya a watsa ta ranar da ruwa ya sauka, ƙasa da danshinta, sannan a sako ruwa a hankali ya shigar da ita. In an watsa a kan ruwa kwance, kaso mai yawa yana bin iska.

Mai gyaran inji, Haɗejia: Ku duba irin ƙasarku tukuna. A laka ana iya yin kwanaki da dama kafin a sake tayar da inji, a nan ake ganin ragin mai. A jigawa kwana 1 ko 2 bututu ya ƙafe, ribar kaɗan ce. Lakar ma in an wuce ƙa'ida ta tsage sosai, ruwan farko duk cikin tsagar yake zurarewa, sai ka sha man da ka yi tattali. Ramin ɓera a jikin kunya ma a toshe shi da taɓo kafin a sako ruwa. Filin da ke fitar da farin gishiri ko kanwa kuwa ban ba da shawara ba, busarwa tana jawo gishirin sama wajen saiwa.

Manomin Kadawa: Akwai wata kuma, ga mu masu shan ruwan Tiga ta kanal. Wanda ke can ƙarshen layi ba shi ke da ikon ranar da ruwa zai iso masa ba, don haka ba zai yarda fangalinsa ya tsane ba, kuma yana da gaskiya. Sai ƙungiyar masu amfani da ruwa ta tsara kwanakin kowane layi, na sama su daina tare ruwa, kafin na ƙasa ya iya dogara da bututu.

Mai gyaran inji, Haɗejia: A riƙa zura hannu cikin bututun duk mako. Taɓo yana toshe hudojin, ruwan ciki ya tsaya cak alhali na fili ya riga ya sauka.