Wace Hausa za mu yi wa "libatariyan"?

1/ Duk mai son yin rubutu da Hausa a kan siyasar marubuta ƙagaggun labaran kimiyya da masoyansu, akwai kalmar da za ta tare masa hanya: libatariyan. Muna da 'yan gurguzu, muna da 'yan jari-hujja, da masu ra'ayin riƙau, da masu sassaucin ra'ayi. Wannan ɗin ce dai har yanzu muke arowa.

2/ Ba kuma za a iya kauce mata ba. Tun 1979 ake ba da kyautar Prometheus a Amurka ga labarin kimiyyar da ya fi ɗaukaka wannan aƙida, kuma marubuci Robert Heinlein masu aƙidar suke ɗauka uban tafiya.

3/ Wasu na cewa "'yan 'yanci". Ban yarda ba. Wa ke cewa shi ɗan bauta ne? A 1968 mujallar labaran kimiyya ta Galaxy ta buga sanarwa biyu na marubutan fannin fuska da fuska kan yaƙin Biyatnam. Heinlein da John W. Campbell suna cikin masu goyon bayan yaƙin, Isaac Asimov da Ursula Le Guin da Ray Bradbury suna cikin masu cewa a janye. Ka tambayi kowane ɓangare, 'yanci zai ce maka yake karewa. Sunan da kowa zai amsa ba ya rarrabe kowa.

4/ "Masu sassaucin ra'ayi" kuwa tana da mai ita, kafafen labarai sun daɗe da ba wa wasu.

5/ "'Yan jari-hujja" ta kusa, amma ta bar rabi a waje. Gaskiya ne 'yan libatariyan suna son kasuwa ba takunkumi, ba sa son haraji. Sai dai su ne kuma ke adawa da tilasta wa matasa shiga soja, da sa idon hukuma a kan abin da mutum zai karanta ko zai sha a ɗakinsa. Ga kuma tarihi: Bafaranshe Joseph Déjacque, wanda ya fara kiran kansa libatariyan a 1857, ɗan gurguzu ne da ba ya son a yi gwamnati kwata-kwata. Sai a ƙarni na 20 Amurkawa masu son kasuwa suka karɓe sunan, har suka kafa jam'iyya da shi a 1971. Abin da ya fi ba ni sha'awa, masu kyautar Prometheus ɗin nan sun karrama littafin Le Guin, The Dispossessed, a 1993, alhali al'ummar da ke cikinsa ba ta san mallakar dukiya ba.

6/ To me ya haɗa Heinlein da Le Guin a rumfa ɗaya? Rashin yarda da hannun hukuma a kan mutum. Nan ya kamata kalmarmu ta dosa.

7/ Shawarata: aƙidar taƙaita hukuma, masu ita kuma 'yan taƙaita-hukuma. Hukuma na zaɓa da gangan, don ta fi gwamnati faɗi. A hira kuwa, in ana son a ɗan zolaye su, "'yan a-sakar-mana-mara" ta zauna daram.

8/ Gwaji: "Yawancin 'yan taƙaita-hukuma na Amurka 'yan kasuwa-zalla ne, na Turai kuwa da yawansu daga gidan gurguzu suka fito." A kunnena ta shiga.

9/ Saura guda: wanda yake so a rushe hukumar ɗungurungum, irin Déjacque, ya wuce taƙaitawa. Shi "ɗan ba-hukuma" nake ganin ya dace da shi. Mai wadda ta fi wannan ya kawo.