Tubali Ko Bulo? Musayar Baitoci Kan Gidan Kaka

Jikan Gida:

Da sunan Allah nake buɗe waƙar nan,
Ku matso 'yan'uwa mu yi tattaunawa.

Gidanmu na Yakasai, gadon kakanni,
Markar bana ta bar shi da tsattsagewa.

Zanko biyu sun zube, indararo ya toshe,
Soron baƙi ruwa yake ta zubarwa.

Na gaji da gidan haya can Abuja,
Ƙofar ƙarfe, maƙwabci ba a gaisawa.

Yarana ba su san sunan gwaggonsu ba,
Waya ce a hannu, dare da rana dannawa.

So nake in dawo, in gyara, in zauna,
Asuba masallaci, hantsi zaure, ba gaggawa.

To ku ba ni shawara, tubali ko bulo?
Wanda ya san gini ya zo da amsawa.

Baffa:

Ɗana, waƙarka ta yi daɗin ji,
Sai dai zaƙin baki bai taɓa tā da bango ba.

Magada nawa ne? Zauna ka ƙirga,
Rabinsu ba su yarda da gyara ba.

Wani ɗan kasuwa ya taya da tsada,
Shaguna zai yi, ni ban ce na ƙi ba.

Gidan ƙasa duk shekara sai an yi yaɓe,
Kai kuwa ba ka taɓa taka laka ba.

In dole ne, a rushe, a sa bulo da kwano,
Ko hadari ya haɗo, ba zai hana mu barci ba.

Magini Bazazzagi:

Alhaji gafara, zan ɗan sa baki,
Gini na gada, shi ne nawa aiki,
Kwano da rana gasa mutum yake a ɗaki,
Soron ƙasa ko a Afrilu sanyi ne a jiki,
Kaurin bango ke tare zafin bazara.

A haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta ta kwana,
A cuɗe da ramno, ta ruɓa, ta nuna,
A cura tubali ya bushe a rana,
Gindin bango da faɗi, sama a rage shi, ɗana,
Rufi kuwa giginya ce, a tsaga ta azara.

Kar a liƙa siminti a jikin bangon ƙasa,
Bango yana son iska ta ratsa, ya numfasa,
Danshi in ya ɓuya, wata rana sai ya fasa,
Makuba ta kwasfar ɗorawa za a nemo a sa,
Azara kuwa ta fi ƙarfin haƙorin gara.

Ku zo Zazzau ku ga aikin Babban Gwani,
Muhammadu Durugu, gwarzon wancan zamani,
Masallacin Juma'a da ƙasa ya ɗaga, ku gani,
Tun shekarun 1830 bakan gizonsa na nan a gini,
Naku ma zai tsaya in kuna bin sa da gyara.

Gwaggo:

Ni ce a gidan, ni ruwa ke ɗigar wa a ka,
Ku kuna ta musu daga nesa ta waya.

A da, in kaka ta yi an gama girbi,
Yaɓe ba na kuɗi ba ne, sai a kira gayya.

Samarin unguwa su kwaɓa, su miƙa,
Mu mu dama kunu, mu ja ruwan rijiya.

Daɓen tsakar gida namu ne da madaɓi,
Ana bugun birji, waƙa na tashi, ba gajiya.

Yanzu samarin duk suna jan adaidaita,
Wa zai taka maka laka kyauta, ba biya?

Sannan ka tuntuɓi matarka tukuna,
Za ta zauna da faccaloli tsakar gida ɗaya?

Lungunmu mota ba ta shiga, ka dai sani,
Sai ka ajiye ta can bakin hanya.

Ƙofar zaure ba a tura ta sai dare,
Suna, biki, ta'aziyya, ba ka da wurin ɓuya.

Kai kuma Yaya, inda aka binne cibiyarka,
Nan za ka bari a kafa shagon taya?

Jikan Gida:

Gwaggo, kin sosa mini inda ke ƙaiƙayi,
Ɓuyan ne ya ishe ni, shi nake gujewa.

Uwar yara ta yarda, da sharaɗi biyu:
Banɗaki na zamani, da murhunta na girkawa.

Baffa, duk mai son kuɗi zan sayi rabonsa,
Kashi-kashi, gaban shaidu, da rubutawa.

Malam magini, ruwa na ɗaukewa ka taho,
Ka fara ta ɗakin Gwaggo kafin ya kai ga faɗuwa.

Baffa:

Ƙanwata ta ɗaure ni da jijiyata.
Mai shaguna ya dakata, ban sa hannu ba.

Amma ranar kwaɓi ka zo da tsohon wando,
Ba za mu karɓi tiransifa maimakon ƙafarka ba.