Yini ɗaya a Ybor City: ina za mu fara?

Maman Hanif: Salamu alaikum 'yan zaure. Maigida zai je taro Tampa, a jihar Fulorida, za mu raka shi da yara. An ce kada mu dawo ba mu leƙa Ybor City ba. Yini ɗaya gare mu, a taimaka da shawara.

Baban Sadiya: Wa alaikumus salam Hajiya. Ku fara da gidan tarihin unguwar, a tsohon gidan burodin Ferlita, in ba haka ba shaguna kawai za ku gani. Asali unguwar masu naɗa taba ce, irin sigarin nan mai kauri na ganye zalla. Vicente Martinez Ybor, mutumin Sifaniya da ya yi arziki a Kyuba, shi ya sayi filin a 1885 ya kwaso masana'antarsa daga Key West. Ga jirgin ƙasa ya iso Tampa, ga jirgin ruwa na kawo ganye daga Kyuba. Sai mutanen Kyuba da Sifaniya da Sisili suka yi ta tururuwa. A 1929 kaɗai sun naɗa sigari kusan miliyan 500.

Malam na Orlando: Alhaji ya bar mai daɗin. Ku tambayi labarin mai karatu. Kowace masana'anta da mutum guda a kan dakali mai tsawo, yana karanta jaridu da littattafai da ƙarfi, hannaye na naɗi, kunnuwa na saurare. Kuma ba mai masana'anta ke biyansa ba, ma'aikatan ke yin karo-karo, su kuma ke zaɓen littafin. Wanda bai taɓa shiga aji ba sai ka ji yana muhawarar siyasar duniya. Masu kuɗi suka ga daga nan yajin aiki ke tasowa, suka kori masu karatun a 1931. Jaridar La Gaceta da wani mai karatu ya kafa a 1922 har yau tana fitowa cikin harsuna uku.

Anti Bilki: Ƙanwata, ki kula da sanwicin da ake ce wa na Kyuba, naman alade ne a ciki. Ko burodinsu ki tambaya, bisa al'ada da kitsensa ake kwaɓawa. A Columbia, gidan abincin da ke nan tun 1905, kifi na ci. Ku bar titin Bakwai kafin dare, mashaya ce ta cika shi.

Maman Hanif: Kai Anti, Allah ya saka da alheri. Da na afka.

Ɗan Damagaram: Ku shiga lambun José Martí, jagoran neman 'yancin Kyuba. Lambun ɗan ƙarami ne, amma mallakar ƙasar Kyuba ne tun 1956. A nan gidan Paulina Pedroso yake a da, baƙar fatar da ke sauke shi lokacin da yake tara kuɗin yaƙin 'yanci a wajen ma'aikatan.

Baban Sadiya: In da sauran lokaci, masana'antar J.C. Newman mai hasumiyar agogo na aiki har yanzu. Sauran kuwa injina da karayar tattalin arziki suka kashe su, babbar hanyar I-4 ta zo ta ratsa unguwar.

Anti Bilki: Ki ja wa Hanif kunne, kada ya bi kajin da ke yawo a titi. Doka ce ke kare su.

Maman Hanif: Tab! Wannan kam sai na riƙe hannunsa.