Kilim ɗin tsohuwar Hilux yana sanyi a hanya, da na tsaya sai hucin zafi

Mai albasa, Garwa: Salamu alaikum 'yan'uwa. Hilux gare ni ƙirar 1992, mai injin dizal 2.8, da ita nake jigilar albasa tsakanin Marwa da Garwa. Kilim ɗinta, wato na'urar sanyaya cikin mota, ya ishe ni. In ina gudu a kwalta sanyi yake bayarwa har yarona ya naɗe hannu, amma da na tsaya a shingen jandarma ko na shiga cunkoson kasuwa sai ya koma hura iska mai ɗumi. Tun watan Fabrairu sau uku ina ƙara gas, kowane zuwa jaka goma. Mai gyaran da nake zuwa wurinsa ya ce kwamfuresa ce ta gaji, wato famfon da ke tura gas ɗin, in kawo kuɗin wata. Ga Afrilu ya kama, zafi ya haura 40. In saya ko akwai abin da zan fara dubawa?

Direban Kusiri: Alhaji sauke gilas kawai, kilim ɗin Allah ba ya cin gas.

Mai albasa: Ka bi hanyar Figil gilas a sauke ka ga launin rigarka.

Mai gyaran sanyi, Marwa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka sayi komai tukuna. Kwamfuresar da ta mutu ba ta zaɓar wuri, ba za ta ba ka sanyi a hanya ta hana ka a tsaye ba. Abin da ka faɗa ya fi kama da rashin iska a kwandansa, wannan mai kama da lagireto da ke gabansa. Gas yana fitowa daga kwamfuresa da zafi, a nan yake hucewa. In kana gudu iskar hanya ce ke yin aikin, in ka tsaya sai fanka kaɗai. Gwada wannan gobe da rana: bar injin yana aiki a tsaye, kunna kilim, sa yaro ya yayyafa ruwa a kwandansa da buta, kai kuma ka sa hannu a bakin iskar. In ta yi sanyi nan take, ka kama ɓarawon. Sannan ka leƙa da tocila tsakanin kwandansa da lagireto. Motocin da ke bin ƙasar auduga nakan ciro musu abu kamar bargo a wurin, ƙurar hunturu da kaɗa da ƙaiƙayi sun dunƙule. A wanke daga baya zuwa gaba, ruwan kada ya yi ƙarfi, haƙarƙarin wurin laushi gare su.

Fankar ma ka duba ta. Ta wannan injin tana da kan da ke ɗauke da man silikon. In inji ya yi zafi ka kashe shi ka juya ta da hannu. Mai lafiya za ka ji tana riƙewa, wadda ta mutu sai ta yi ta juyi ita kaɗai. Ana iya buɗe kan a sake zuba man.

Baba, tsohon direba, Ngaundare: Ɗana, ni abin da ya tsaya mini shi ne sau ukun nan. Gas ba fetur ba ne, mota ba ta ƙona shi. In ya ragu to akwai inda yake zurara. Bi bututan da ido, duk mahaɗar da ka ga ƙura ta manne baƙi da maiƙo, nan ne, don mai ke fitowa tare da gas ɗin. Kumfar sabulu za ta tabbatar maka.

Mai gyaran sanyi: Gaskiyar Baba. Kuma wata tambaya, wane gas ake zuba maka? Motar 1992 da R12 ta fito, wanda aka daina yi saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987, masu ƙera motoci suka koma R134a wajen 1994. Man su ba ɗaya ba ne, na tsohon ba ya tafiya da sabon gas. Idan an juya ta zuwa R134a, dole a canza mai, a canza robobin mahaɗa, a canza 'yar kwalbar da ke tsotse danshi, a zuƙe iskar ciki da inji aƙalla minti 30 kafin a zuba, kuma da awo. Cika shi fiye da kima ma yana kashe sanyi a tsaye. Na roƙe ka kada ka bari a zuba maka gas ɗin girki, na san ana yi, wuta yake kamawa.

Direban Kusiri: Tawa kuma sai ta yi rabin awa tana sanyi ta ɗauke ɗif, in na kashe na jima ta dawo.

Mai gyaran sanyi: Taka daban ce Malam. Ko danshi ke daskarewa a bawul, ko farantin gaban kwamfuresa ya yi rata ba ya kamawa in ya yi zafi. In ta ɗauke ka leƙa ka ga ko tsakiyar farantin na juyawa.

Mai albasa: Na dawo da labari. Buta ɗaya yaro ya zuba, sanyi ya taso. Mun kwance kwandansa, abin da ya fito ya kusa cika kwanon awo, har da gashin kaza. Fanka kuwa na juya ta sau ɗaya ta zagaya huɗu. Baba, na ga maiƙon a bututun da ya fito daga kwamfuresa. Da na tambayi mai gyaran nawa na farko ko ya taɓa zuƙe iska kafin ya zuba gas, sai ya ce injinsa yana wurin ƙaninsa. Maigidan Marwa, ranar Litinin zan shigo lodi, man silikon ɗin in taho da shi daga Garwa ko ana samu a wurinku?

Mai gyaran sanyi: Ana samu. Ka zo da sassafe kafin ka yi lodi, aikin zai ci rabin yini.