Wasan tuƙa jirgin ƙasa: abin da aka tsayar a hirar Gombe

Da masu haɗa manhaja a Gombe suka zauna kan wasan waya na tuƙa jirgin ƙasa da za a haɗa, gardama ta fi zafi a kan birki. Masu son jirgi sun dage sai an kwaikwayi birkin iska yadda yake: ka taka, iskar ta bi bututu tarago bayan tarago, jirgi mai kaya ya ci gaba da tafiya mai nisa kafin ya tsaya. Masu wasa don nishaɗi suka ce yaro ba zai jure wannan ba, da ya wuce tasha sau biyu zai goge wasan.

Aka daidaita a kan mataki biyu bisa lissafin motsi ɗaya. A na farko allo ya nuna inda za a fara birki. A na biyu a kashe taimakon, direba ya dogara da sigina da gangaren hanya. Ni ma wannan na fi gamsuwa da shi.

Kan layin da za a zana, an ba da shawarar a fara da na gida: layin dogon da ya ratsa Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964, mai faɗin milimita 1,067, ba kamar na Abuja zuwa Kaduna mai 1,435 ba. Masu son jirgi za su lura idan aka cakuɗa su.

Sannan ana so wasan ya yi aiki a ƙaramar wayar Android ba tare da data ba, kowace tafiya kuma a iya ajiye ta a ci gaba daga baya.